Yadda Ake Gane Ko 'Yar Tirelarka Na Buƙatar Birki Kafin Ka Ɗaura Ta A Bayan Hilux

Masu Hilux da sauran a-kori-kura a nan Jos suna yawan yi min tambayar nan, musamman waɗanda mai walda ya haɗa musu 'yar tirela mai taya biyu don jan janareto ko tankin ruwa ko buhunan dankali daga Bokkos, wai dole ne sai ita ma an sa mata birki ko na motar ya wadatar? Toh magana ce ta nauyi. Mutane suna auna abin da ƙarfin inji, su ce ai motata ta ja tan biyu ko gezau ba ta yi ba, alhali inji ba shi ne matsalar ba, ja mai sauƙi ne, tsayawa ce aikin, kuma duk wanda ya san gangarar Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Abuja ya san a wajen tsayawa ake rabuwa. Bari in bi da kai yadda nake yi daki-daki.

Kayan da za ka tanada

Littafin motarka, wanda yawancinmu muke barinsa a ledarsa har a sayar da motar. In babu, duba ƙaramin farantin ƙarfe ko sitika da ke jikin ƙofar direba ko cikin bonet, sannan akwai wani a jikin ƙarfen ja, wato ƙarfen bayan mota da ake maƙala tirela a kai, in na kamfani ne. Sai sikeli, ko da irin na auna mutum ne, da guntun katako mai ƙwari. Jak da wil sifana, weji biyu na katako (dutse ma yana yi in babu), gejin iskar taya, giris, testa irin ta rewaya, sarƙa biyu masu kauri da maƙalansu, biro da takarda don lissafi, da mutum ɗaya da zai tsaya maka a baya yana kallon fitilu. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, ba ka iya taka birki kana kuma ganin danja a lokaci guda.

1. Nemo lambobin motarka

A littafin za ka ga lamba biyu na nauyin da motar za ta iya ja, ɗaya na tirela mai birki, ɗaya na marar birki. A Hilux da Ranger da Navara da ire-irensu na marar birki kilo 750 ne, na mai birki kuma ya danganta da shekara da inji, wasu wajen kilo 2,500, wasu sababbin har 3,500. Ka ga tazarar ko? Mota ɗaya, inji ɗaya, amma birkin tirela kawai ya ninka abin da aka yarje maka fiye da sau uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ji dillali ya ce motar nan tana jan tan uku da rabi, sai ya riƙe wannan ya manta cewa da sharaɗin birki ne.

A Ingila da sauran ƙasashen Turai doka ce ma, tirelar da ta wuce kilo 750 da lodinta dole ta zama da birkinta. A Amurka kowace jiha da nata, da yawa sun tsaya a fam 3,000, kusan kilo 1,360 kenan, amma ka tuna su motocinsu irin su Tundra da F-150 sun fi namu jiki. Ni dai 750 nake bi, saboda ita ce a rubuce a littafin motar da nake tuƙawa. Maganar takardu da lamba ta tirelar kuwa ka leƙa ofishin VIO ko na Road Safety ka ji daga bakinsu kafin su tare ka a hanya.

2. Auna tirelar, ba komai da kuma da lodi

Nan ne ake yaudarar kai. Kilo 750 ɗin nan ba lodi kaɗai ba ne, har da ƙarfen tirelar, da tayoyi, da sifiya taya, da tamfol, da komai. Masu waldarmu kuma ba sa rowar ƙarfe, su zuba angul mai kauri su shimfiɗa faranti a ƙasa su ɗora a kan aksul ɗin tsohuwar bas, sai ka ga tun ba a sa komai ba ta yi nauyin mamaki. In akwai inda ake auna manyan motoci kusa da kai, irin na kamfanin kwari ko masu sayen hatsi da yawa, roƙe su ka hau da motar da tirelar, ka cire tirelar ka sake hawa, bambancin shi ne nauyinta. In babu, ka tambayi mai waldar yawan ƙarfen da ya ci, ka yi ƙiyasi, sannan ka ƙara a kai kar ka rage.

Lodi kuma lissafinsa ba wuya. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, don haka tankin lita 1,000 cike tan guda ne cur tun ba a sa nauyin tankin ba. Siminti buhu kilo 50. Durom na lita 200 da ruwa kilo 200 da ɗoriya. Babban buhun masara irin na Mangu ka ɗauke shi a kilo 100. Yanzu a ce tirelarka ba komai kilo 350 ce, saura 400 kenan, wato buhun siminti takwas ko masara huɗu, shikenan ka kai layi. Wanda ya ɗora tankin lita 1,000 a kanta yana jan kusan kilo 1,400 ne, ya kusa ninka abin da aka ce, kuma Hilux ita kanta wajen tan biyu ce, ka ga birkin da aka yi wa lissafin motar da kayan bayanta an ƙara masa wani kaso mai tsoka da babu shi a lissafi.

3. Yanke hukunci

Ƙasa da 750, hanya a miƙe, cikin gari, za ka iya tafiya ba birki, a hankali. Sama da 750, sai da birki, babu wani ai nan da nan ne. Akwai kuma wuri na tsakiya da littafi bai faɗa ba, wato kana kilo 600 ko 700 amma hanyarka Jos zuwa Abuja ce. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Abuja ba ta kai rabin haka ba, kuma babban ɓangaren saukar nan a ɗan taƙin da ke bayan Riyom ake yin sa. A irin wannan ni ko dai in rage lodi ko in nemi mai birki, ballantana da damina a watan Agusta da kwalta ke jiƙe kullum ga hazo.

Dalilin a taƙaice: birki gudu yake mayarwa zafi. Ƙarin nauyi ƙarin zafi, kuma in ka ninka gudu nisan tsayawa sau huɗu yake ƙaruwa ba sau biyu ba. In zafin ya yi yawa fad ya daina kamawa, man birki ya tafasa, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa lakwas. Abu na biyu, tirelar da ba ta da birki ba ta san ka tsaya ba, tana nan tana turo ka, kamar mai ruwa da kurarsa cike da jarkoki a gangara, ba shi ke tafiya da ita ba ita ke tafiya da shi. In turin ya same ka a kwana sai ta ture bayan motar gefe su naɗe.

4. Zaɓi irin birkin

Iri biyu ne ke aiki a ƙananan tireloli. Na farko birkin turi, shi ne a kan kusan duk tireloli masu birki da ake shigowa da su daga Beljiyam da Jamus, za ka ga sunan AL-KO ko Knott a jikin wuyan, wato ƙarfen gaban tirelar da ke maƙalewa a mota. Yadda yake: in motar ta rage gudu tirelar ta turo, wuyanta ya shige ciki kaɗan, wannan shigewar ce ke jan sanda da kebul su buɗe shu ɗin birki a cikin durom ɗin tayar. Ba ruwansa da wayar mota, kowace mota ka ɗaura mata zai yi aiki, ga hambirki a jikinsa. Akwai irinsa mai amfani da man birki maimakon kebul, shi sai ka riƙa duba man.

Na biyu na lantarki, salon Amurka da Ostireliya. Akwai maganaɗisu cikin kowane durom, sai wani ɗan akwati da ake ɗaurawa ƙasan dashbod, kana taka birki ya aika wuta baya. Daɗinsa kana iya ƙara masa ƙarfi ko ragewa daga kujerarka, kuma akwai ɗan liba da za ka ja da hannu tirelar kaɗai ta kama. Wahalarsa sai rewaya wanda ya san abin, kuma kayan gyaransa ba ko'ina ba.

A wajena, ga wanda ke Jos yana jan tan ɗaya zuwa biyu, birkin turi ya fi kwanciyar hankali, ka nemi wuya da aksul na Beljiyam waɗanda dama tare aka yi su, ka ba mai walda ya gina bodi a kai. Kar ka haɗa wuyan wani kamfani da durom na wata tsohuwar mota ka ce ai duk birki ne, tsawon jan da ƙarfin an auna su ne da juna. Kuma don Allah, duk bakaniken da ya ce maka zai yanka fayif ɗin man birkin motar ya jona tiyo zuwa tirela, ka gode masa ka tafi. Ranar da tiyon nan ya tsinke man motar ne zai zube, ka rasa na gaba ka rasa na baya.

5. Duba ƙarfen ja da ƙwallon

Ƙarfen ja a jikin shasi ake ɗaure shi da bol, ba a jikin bamba ba, kuma ba ɗan ɗigon walda ba. Ƙwallon da ke kan ƙarfen jan, wanda wuyan tirela ke zama a kai, na Turai milimita 50 ne, na Amurka yawanci inci 2, wato milimita 50.8, a ido iri ɗaya ne amma ba ɗaya ba ne, in ka sa wuyan inci 2 a kan ƙwallon 50 zai riƙa girgiɗi, in akasin haka ne kuma ba zai zauna daidai ba ka ɗauka ya kulle. Karanta abin da aka buga a saman ƙwallon. Bayan ka kulle, juya jak ɗin wuyan ya ɗaga, in bayan motar ya biyo shi sama toh ya kama.

Sarƙoƙi biyu ka gicciya su a ƙasan wuyan, ta dama ta tafi hagu ta hagu ta tafi dama, yadda in wuyan ya fice zai faɗa kansu ba zai caki kwalta ba. Su yi sako-sako daidai shan kwana, kar su ja ƙasa. Tirela mai birki tana da wata siririyar waya kuma, aikinta in tirelar ta rabu da mota ta fizge birki ta tsaya. Ita a jikin motar ake maƙala ta, wuri daban, ba a jikin sarƙa ba. Na sha ganin an naɗe ta a wuyan tirelar saboda ba a san amfaninta ba.

6. Jera lodi

Mai nauyi a ƙasa, a kan aksul, a ɗan karkato gaba, kamar kashi 60 gaban taya 40 a baya. Nauyin da wuyan ke dannawa a kan ƙwallon ya zama wajen kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na duka, kuma kar ya wuce abin da aka rubuta a ƙarfen ja. Ga yadda ake aunawa: sa weji, ajiye sikeli a ƙasa, tsayar da guntun katako a kai daidai tsayin ƙwallon, sauke wuyan a kan katakon ka karanta. In ka iya ɗaga wuyan da hannu ɗaya alhali ta cika da kaya, lodin ya koma baya, kuma wannan ita ce tirelar da ke fara rawa da zarar ka ɗan taka. Birki ba ya gyara lodin da aka jera ba daidai ba.

Masu jan ruwa, ku ji wannan. Tanki rabi ya fi cikakke sharri, domin kana taka birki ruwan ya taho gaba gaba ɗaya ya bugi bango, ka saki ya koma. In nauyi kake son ragewa ka sa durom biyu cike ka ɗaure su tam, ya fi babban tanki rabi. Dabbobi ma haka, ragon layya ko ɗan maraƙi daga kara ba sa tsayawa wuri ɗaya, a yi musu shinge.

7. Gwada birkin kafin ka fita titi

Na turi: ɗaga taya ɗaya da jak, juya ta gaba, gaba kawai, don yawancinsu an yi su ne su saki kansu in ana ribas, in ka juya baya za ka ɗauka ba ya aiki. Wani ya ja hambirkin, tayar ta tsaya cak. Yi wa ɗayar haka. Sannan tura wuyan ciki da ƙarfi, ya kamata ya yi tauri ya dawo a hankali, in ya shige fuu ba turjiya toh shokin cikinsa ya mutu, shi ne ke sa ka ji gwaf a bayanka duk sanda ka taka. Robar da ta rufe wuyan in ta yage a canza, ƙurar hunturu tana shiga ta cinye shi. Masu amfani da man birki kuma wasunsu sai ka sa musu fin kafin ribas, ka gama ka cire, in ka manta fin ɗin a ciki ka tafi ba birki kenan.

Na lantarki: yawancin akwatunan waya huɗu ne, baƙa zuwa batir ta cikin abin katse wuta, fara zuwa negatif ɗin batir, ja zuwa makunnin fitilar birki, shuɗiya ta wuce baya zuwa tirela. Amma ka gaya wa rewaya ya gwada soket da testa kar ya bi kala, domin a soket ɗin Turai mai ƙafa bakwai shuɗiyar ta fitilar hazo ce. Bayan an haɗa, nemi hanya marar mutane, ka kai gudun kilomita 40 a awa, ja liba da hannu. In tayoyin tirelar sun kulle suna ƙara rage ƙarfi, in ba ka ji ta riƙe ka ba ƙara, har ka samu daf da kullewa. Duk sanda lodi ya canza sai ka sake saiti, na cikakkiya ba na wofi ba ne.

Sai fitilu: danja, sigina dama da hagu, mutuminka na baya yana faɗa maka. Auna iskar taya tun tana da sanyi, notin taya ɗaya bayan ɗaya, giris a boris. Kar ka manta da birkin motar kanta, fad da shu da man, in man ya yi baƙi ko ya shekara biyu a canza, yana shan danshi ne kuma mai danshi da wuri yake tafasa.

8. Saukar gangara

Kafin ka fara sauka Hawan Kibo ka samu fili ka tsaya, zagaya, taɓa sarƙa da igiyoyi, kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace tayar tirela. Ɗumi ba komai, zafin da ba ka iya kusanta matsala ne, ɗaya zafi ɗaya sanyi ƙalau kuma alamar ɗaya ce kaɗai ke aiki. Shiga giya ta biyu ko ta uku tun a sama, giyar da za ka hau da ita da ita za ka sauka, mai otomatik ya mayar 2 ko L. Ba a sakin firi don tsimin mai, ba a danne kuloci. Kar ka ɗora ƙafa a kan birki ka bar ta can tun daga sama har ƙasa, taka sosai gudu ya ragu, saki ya sha iska, sake takawa. Bar tazara ninki biyu na yadda ka saba, kuma in manyan motoci sun taru a gaba kar zuciya ta ɗebe ka ka ce za ka wuce su. Haka za ka yi a gangarar Kugbo in za ka fito daga Abuja ta wajen Nyanya, ita ga cunkoso kuma.

In tirela ta fara rawa, kar ka taka birki da ƙarfi, kar kuma ka bi ta da sitiyari, riƙe shi a miƙe ka ɗaga ƙafa daga totur, mai na lantarki ya ja liba a hankali sai ta miƙe. In ka ji ƙauri ko feda ta yi laushi, tsaya a wuri na farko da ya samu, sa weji, jira ya huce da kansa. Masu watsa ruwan leda a kan faifan birki mai zafi lanƙwasa shi suke yi.

9. In babu birkin kuma dole kayan su tafi

Raba su. Wani kason ya koma bayan motar, Hilux tana ɗaukar kusan tan guda amma a ciki har da ku mutanen da nauyin wuyan tirelar, don haka a lissafa. Sauran a tirela ƙasa da 750, ko a yi sawu biyu in cikin gari ne, misali daga kasuwar Building Materials zuwa wurin gini a Rayfield. In janareto ne babba da ba ya rabuwa, ko tafiyar ta Abuja ce, ka je tasha ka yi ciniki da mai Canter ko Dyna ya ɗora shi a bodi, ka kwance tirelar ka bar ta a gida.